Lacca: ka shiga Kanada da bizar ziyara, yanzu kana so ka koma ɗalibi

Assalamu alaikum jama'a. Na baya kuna ji na? To madalla.

Tambayar da ta fi yawa a takardun da aka miƙo min ita ce, wai mutum ya shiga Kanada da bizar ziyara, ya je ganin yayarsa da ta haihu ko bikin yaye ƙaninsa, ƙasar ta kwanta masa, shin zai iya zama can ya juya bizar ta koma ta karatu? Abin da ejan-ejan ke gaya wa yara a gida ke nan, kai dai ka shiga, in ka shiga komai zai warware. Wallahi maganar nan tana min ciwo, don na zauna da yaran da iyayensu suka sayar da fili aka tura su a kanta.

Ku fara gane abu ɗaya. Bizar da aka manna maka a fasfo tana iya kai shekara 10, amma ita izinin zuwa bakin ƙofa ce kawai, zaman da ake ba ka in ka shiga yawanci wata 6 ne. A cikinsu kana iya yin ɗan kwas da bai wuce wata 6 ba, ba ka da ikon yin aiki, ba ka da ikon fara digiri.

To neman takardar izinin karatu daga cikin ƙasar fa? Ƙofar tana nan amma ƙarama ce sosai. Hukumar shige da ficensu, IRCC, ta ware waɗanda ta yarje wa, kamar yaro ƙarami da ke firamare ko sakandare, ko matar da mijinta ke da izinin aiki ko na karatu a can, ko wanda ya gama gajeren kwas ɗin da makaranta ta gindaya masa kafin ta ɗauke shi, misali kwas ɗin Turanci. Sauranmu kuwa, ko kana zaune a falon yayarka a Toronto ka cike fom ɗin ta intanet, a matsayin na waje za a duba ka, in an amince wasiƙa za a turo maka, ita takardar kanta sai a bakin shiga ƙasa ake miƙa ta. Da can mutane sukan tuƙa mota zuwa gadar Niyagara su leƙa ɓangaren Amurka su juyo a buga musu, to daga 23 ga Disamba 2024 an toshe wa irinmu wannan hanyar.

Ga inda aka fi faɗawa rami, don Allah ku saurara da kyau. Ka tura neman karatu a matsayin na waje, kana ta jira, kana ganin ai takarduna suna hannunsu, alhali wata shidanka na ta tafiya ba ruwansu da jiranka, ranar da suka cika ka zama mai zama ba bisa ƙa'ida ba. Ƙarin wa'adin ziyara nema ne daban, su da kansu sun ce a tura shi saura aƙalla kwana 30. In ka tura kafin wa'adin ya ƙare kana zaune lafiya har su ba da amsa. In ka bari ya wuce kana da kwana 90 na neman a maido maka da matsayinka, kuma ba dole ne a maido ba. Na san wani yaro, haziƙi, makaranta ta ɗauke shi, kwanan watan nan kawai ya manta.

Sai maganar kuɗi. A da dala 10,000 ta Kanada ake so ka nuna ta zaman shekara, a Janairun 2024 ta koma 20,635, a Satumban 2025 ta koma 22,895, ban da kuɗin makaranta da na jirgi, ku buga da naira ku gani. Kuɗin fom ɗin dala 150 ne, ɗaukar yatsu 85, waɗannan masu sauƙi ne. Tun 2024 kuma yawancin masu nema sai sun haɗa da takardar lardi da ake ce wa PAL, wato shaidar cewa lardin da makarantar take ya ba ka gurbi, makaranta ce ke samo maka ita, kuma dole makarantar ta kasance cikin jerin waɗanda aka yarda su ɗauki ɗaliban waje. Tsarin gaggawa da aka taɓa yi wa ɗaliban Najeriya shi ma an rufe shi a Nuwamban 2024.

Kuma ina roƙonku, kar wanda ya ari kuɗi a zuba masa a akawun na sati biyu don a ciro sitatimen, kar wanda ya karɓi takardar gurbin karatu a hannun ejan bai tuntuɓi makarantar da kansa ba. Yanzu IRCC na tambayar makarantar kai tsaye. Ƙarya in ta fito haramcin shekara 5 ne, ko da ejan ne ya yi ta kai ba ka sani ba, sunanka ne a kan fom ɗin.

Wani ya rubuto yana tambayar Ingila, can kam babu ma zancen, mai bizar ziyara sai ya fita ya nemo ta ɗalibi daga waje. Amurka akwai fom ɗin canza matsayi amma ba ka shiga aji sai an amince. Ni dai da ƙanena ne, ya zo ziyararsa ya zagaya makarantu ya gani da idonsa, ya koma gida kafin wa'adinsa ya cika ya nema daga can.

Na ga an ɗaga hannu a ɓangaren mata, Hajiya bismillah, a miƙa mata makirfon.