Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Ilimi, a Madadin Iyaye da Malamai

Mai girma Ministan Ilimi, manyan baƙin da suka rufa masa baya, shugaban makaranta da malamai, iyayen yara, assalamu alaikum.

A madadin ƙungiyar iyaye da malaman wannan makaranta, ina yi wa Mai girma Minista barka da zuwa, tare da godiya bisa amsa gayyatarmu duk da tarin ayyukan da ke gabansa. Ranka ya daɗe, a hanyarku ta shigowa kun ratsa sababbin rukunin gidaje, wasu an tare, wasu ana kan rufi. Muna murna da su, domin iyalai da yawa sun samu matsuguni. Sai dai duk gidan da aka miƙa makullinsa, ba a jimawa muke ganin 'ya'yansa a ƙofar ofishin shugaban makaranta.

Masu tarewa a sababbin gidaje galibi matasan ma'aurata ne, saboda haka jaririn da aka shigo da shi a goye yau, nan da shekara 6 kujera yake nema a aji ɗaya, nan da shekara 12 kuma sakandare. Wannan lissafi ana iya yinsa tun ranar da aka sa hannu a taswirar filaye, amma sau da yawa hukumar da ke ba da izinin gini daban, mai kula da makarantu daban, kuma ta biyun ba ta jin labari sai ajujuwa sun cika maƙil. Mu nan ganau ne. Bencin da aka ƙera don yara 3 yanzu 5 ke zama a kansa, na gefe yana rubutu a kan cinya, ya tokare ƙafa ɗaya a ƙasa kada ya zame. Ɗakin karatu ma mun tattara littattafansa cikin kwalaye mun mai da shi aji. Abin da ya fi sosa mana rai shi ne uwar da takan zo riƙe da takardar haihuwar ɗanta, tana hango rufin gidanta daga nan, a ce mata babu gurbi.

Tushen matsalar shi ne yara suna riga kuɗi isowa. Inda ake raba kuɗi bisa yawan ɗalibai, ƙidayar baya ake dubawa. A Ingila, alal misali, ƙidayar watan Oktoba ce ake yi wa makarantu kason shekara mai zuwa da ita. Inda kuma harajin gidaje ke ɗaukar kaso mai tsoka na kuɗin makarantu, kamar a Amurka, harajin sabon gida kaɗan-kaɗan yake shigowa shekara bayan shekara, alhali ginin aji lokaci guda ake biyansa. Malami kuwa sai an shafe shekaru ana horar da shi kafin a damƙa masa alli.

Wasu sun nemi mafita. A Ingila, sashe na 106 na dokar tsara birane da karkara ta 1990 ya ba hukumomi damar ƙulla yarjejeniya da mai gina rukunin gidaje, ya ba da fili ko kuɗin makaranta a matsayin sharaɗin samun izini. A jihar Kalifoniya ta Amurka, dokar da aka zartar a 1986 ta ba hukumomin makarantu damar karɓar kuɗi a kan sabon gini gwargwadon faɗinsa. Masu gini sukan ce wannan kuɗi a kan farashin gida zai koma, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. A ganinmu dai, iyalin da ya sayi gida a unguwar da ba ta da makaranta zai biya fiye da haka, ko a kuɗin motar kai yaro nesa kullum, ko a kuɗin makaranta mai zaman kanta da bai shirya mata ba.

Ranka ya daɗe, babban roƙonmu shi ne kada a ƙara amincewa da taswirar rukunin gidaje sai an nuna filin makaranta a cikinta, an rubuta shi da sunan hukumar ilimi, an kuma kewaye shi, domin filin da aka bari a buɗe kan wayi gari an yanka shi fuloti-fuloti. Muna kuma roƙon makarantar da unguwarta ke girma a riƙa yi mata kaso bisa yaran da ake sa ran zuwansu, a turo malamai kafin buɗe zango.

Mun tsara zagayen yau a lokacin darasi, ba mu sallami kowane aji ba, domin ku ga yaran a yadda suke zama kullum. Shugaban makaranta zai yi muku jagora, a fara da tsohon ɗakin karatun. Allah ya ƙara wa Mai girma Minista lafiya, ya mai da ku gida lafiya.