Doctor Who: Daga Shagon Askin Legas Zuwa Gwangwanayen Jos

HADIZA: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da warhaka daga nan Agege. Hadiza ce, ga Yaya Bala, ga Nura. Saƙonninku sun cika mana waya kan Doctor Who, shirin talabijin na BBC, musamman kashin nan na Legas. Wasu sun ce an fitar da mu kunya, wasu sun ce ko kusa. Mun kuma yi alkawari, kafin mu tashi za mu faɗa wa sabon shiga daga inda zai fara kallo.

NURA: Ni ina cikin waɗanda abin ya burge. Sunan kashin The Story and the Engine, watan Mayun 2025. Shiri tun 1963 ake yinsa, an kai Dakta, jarumin shirin, duniyoyi iri-iri, ga shi yau ya zauna a kujerar mai aski a Legas. Kuma dabarar ta yi kyau: shagon yana kan bayan wani ƙaton gizo-gizo, makamashinsa labari ne. Ka zauna, a yi maka aski, ka ba da labari, injin ya ci, nan take gashin ya sake tsirowa. Ba fita.

HADIZA: Ni kasuwar ce ba ta gamsar da ni ba. A situdiyo aka gina ta a Wales, kuma ido yana ganewa. Tsaftar ta yi yawa, sararin ya yi yawa. Ina hon ɗin danfo? Ina ƙarar janareta?

BALA: Ƙanwata, gaskiyarki kan kasuwa, amma cikin shagon fa an dace. Wanda ya rubuta, Inua Ellams, a Jos aka haife shi, kuma tun 2017 ya yi wasan dandamali kan shagunan aski. Ya san yadda maza ke hira in ana aski. Abin da ya fi kama ni shi ne Anansi, Gizon tatsuniyoyin Ghana da aka sako a labarin. Mu da muka tashi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba ma buƙatar a yi mana bayani. Gizo mai wayo, mai cin amana, mai riƙe da zaren labari.

NURA: Da ni ne marubucin, wanzami zan sa maimakon mai aski.

HADIZA: To fa.

NURA: Ki duba mana. TARDIS, akwatin da Dakta ke tafiye-tafiye a ciki, cikinsa ya fi wajensa girma, ko? To zabirar wanzami fa? 'Yar jakar fata ce, amma aska tana ciki, ƙaho yana ciki, dutsen wasa aska, garin magani, abin cire beli.

BALA: Har da tsumman goge aska.

NURA: Kuma wanzami ya fi Dakta cancantar sunan likita. Shi Dakta sau nawa kika ga ya duba mara lafiya?

HADIZA: Wato a yi wa Dalek, dodon nan abokin gaban Dakta, ƙaho ke nan.

NURA: A ina za a kafa ƙahon? Duk jikinsa ƙarfe ne.

BALA: Sai an buɗe murfin sama, halittar tana ciki ai.

NURA: To a tsaga, a ja jini, wataƙila zafin ransa ya sauka.

HADIZA: Cyberman kuma, ɗaya dodon ƙarfen, a cire masa beli.

BALA: Ya isa haka, ku bar ni in faɗi abin da ya kawo ni yau. Masu cewa 2025 ne Najeriya ta fara shiga tarihin wannan shiri sun yi kuskure babba. Abin da Jos ta yi masa a 2013 ya fi kashin Legas nauyi nesa ba kusa ba, kuma yana ba ni takaici yadda matasanmu ba su san shi ba.

NURA: Ɓatattun kashi-kashi.

BALA: Su. A shekarun 1960 BBC tana ɗaukar shirin a faifan bidiyo mai faɗin inci 2. Faifan yana da tsada ƙwarai, saboda haka in an nuna shiri sai a goge a ɗora wani a kai. Ga yarjejeniya da ƙungiyar 'yan wasa da ta taƙaita sau nawa za a maimaita shiri. Da talabijin mai launi ya zo kuma, sai aka ga baƙi da fari ba shi da sauran kasuwa. Haka aka yi ta gogewa da zubarwa har 1978. A cikin kashi 253 na shekaru 6 na farko, kafin Oktoban 2013, guda 106 babu su.

HADIZA: To in an goge, me aka samu a Jos?

BALA: Yauwa, nan ne wurin. Kafin a goge faifan, sai a kunna shi a wani allo na musamman, a saita kyamarar fim a gabansa, a ɗauke hoton a fim mai faɗin milimita 16, sautin yana jere a gefen fim ɗin. Wannan kwafin ake sayar wa ƙasashen waje. Kuma ba kowace tasha ake buga wa nata ba. Gwangwani ɗaya zai je wannan ƙasa, in sun gama nunawa su tura wa ta gaba, ita ma ta tura. Tasha ta ƙarshe ce aka ce ta mayar ko ta lalata. Wani wurin ba a yi ko ɗaya ba, aka jera a kanta aka manta.

NURA: Mantuwar da ta zama alheri.

BALA: Wani Bature, Philip Morris, mai bin sawun tsofaffin finafinai a tashoshin Afirka, shi ya ci karo da su a ɗakin ajiya na wata tashar talabijin a Jos. Labari biyu ne na zamanin Patrick Troughton, ɗan wasa na biyu da ya fito a Dakta. The Enemy of the World, kashi 6, duka aka samu, dama na 3 kaɗai BBC ke da shi. Sai The Web of Fear, shi ma kashi 6, aka dawo da 5, dama suna da na 1. Ku lissafa: gwangwani 11, sababbi 9. Adadin ɓatattu ya sauko daga 106 zuwa 97 a rana ɗaya.

HADIZA: Na 3 na Web of Fear fa?

BALA: Nan ne ciwon. Morris ya ce da idonsa ya gan shi tare da sauran, amma kafin a kwaso kayan ya yi ɓatan dabo. Kuma a cikinsa ne Lethbridge-Stewart, sojan nan abokin Dakta, ya fara fitowa, yana kanar, kafin ya zama birgediyan da kowa ya sani. A 2021 sai zanen kwamfuta aka yi aka ɗora a kan sautin asali.

NURA: Wannan zanen bai yi mini ba ko kaɗan. Motsin mutanen kamar 'yartsana. Gara hotunan da John Cura ya ɗauka daga allo a jera su da sauti.

HADIZA: Sautin daga ina, tun da an goge?

NURA: Masu kallo ne suka cece shi. Wasu suna ajiye makirfo a gaban talabijin, wasu suna jona waya kai tsaye zuwa rikoda. Shi ya sa babu kashi ko ɗaya da sautinsa ya ɓata.

BALA: Kuma ku lura da abin da ya sa fim ɗin Jos ya rayu. Irin wannan fim, zafi da danshi ne ajalinsa. In ya fara lalacewa sai ka ji tsami kamar na binega da ka buɗe gwangwani. Daga nan ya tsuke, ya nannaɗe, ramukan gefensa su daina dacewa da haƙoran na'ura, ƙarshe ya riƙa karyewa. Jos tana kan tudu, sama da mita 1,200, ga sanyi. A ajiye gwangwanin nan a wani sito a Apapa shekara 40 a wannan gumin namu, da wuya a samu abin kirki. Don haka duk wanda ya tsinci irinsa a kayan tsohon ma'aikacin talabijin, kada ya kuskura ya sa shi a majigi, zai yage. Ya karanta takardar jikin murfi, ya shinshina, mai tsami ya ware shi daban domin yana shafar na kusa da shi, ya ajiye a wuri mai sanyi da bushewa.

HADIZA: Yaya, ban da ƙimar tarihi, labaran suna da daɗin kallo kuwa?

BALA: Sosai. Kafin 2013 mutane ba su ɗauki Enemy of the World a bakin komai ba, saboda kashi na 3 da ya rage shi ne mafi sanyi, yawancinsa hira ce a lungu da kicin. Da aka ga sauran sai ra'ayi ya juya. Troughton yana fitowa a mutum biyu, Dakta da mugu Salamander, kuma da fuska da tsayuwa yake bambanta su, abin da kunne kaɗai ba zai ba ka ba. Ba ma wannan ne karon farko ba. A tsakiyar shekarun 1980 daga Najeriya aka mayar da The Time Meddler da The War Machines na zamanin William Hartnell, Dakta na farko. Abin da ke cina shi ne namu wasannin na da, na Kaduna da Kano da Ibadan, wa ke bin sawunsu haka?

HADIZA: Wannan shiri ne guda, mu ajiye shi. Lokaci ya cinye mu, ga magariba ta kawo kai, ba mu taɓa maganar 'yar wasa Billie Piper da yadda Ncuti Gatwa, Daktan kashin Legas, ya bar shirin ba. Sabon shiga, daga ina? A gaggauce.

NURA: 2005, zamanin da Christopher Eccleston ya fito a Dakta, kashi 13 ne kacal.

BALA: Ni kuwa cewa zan yi ya fara da—

HADIZA: Yaya, mun san Jos za ka ce. Sai mako mai zuwa, jama'a, ku ci gaba da turo saƙo.