Tsadar Abinci da Ruwan Sha a Saman Tsaunukan Chamonix

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kallo, barkanmu da war haka. Ina yi muku magana ne daga kwarin Chamonix da ke gabashin Faransa, a yankin Haute-Savoie, daf da iyakar Italiya da Suwizalan, kuma farin dutsen nan da kuke hangowa a bayana shi ne Mont Blanc, wanda tsayinsa ya haura mita 4,800. A wannan gari aka fara gudanar da gasar Olamfik ta lokacin hunturu a shekarar 1924, kuma har yau jama'a daga kowace kusurwa ta duniya suna tururuwa zuwa nan domin wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Sai dai zancen ciki ne ya sa na kunna kyamara, domin duk wanda ya tambayi kuɗin zuwa irin wannan wuri, lissafin tikitin hawa dutse a motar igiya da hayar kayan zamiya da masauki ake yi masa, a bar batun ci da sha a gefe, alhali ta nan ne kuɗi suke zurarewa ba tare da mutum ya ankara ba.

Bari in matso da kyamarar kusa da wannan allo da aka kafe a ƙofar wani gidan abinci da ke nan saman dutse, tun da dokar ƙasar ta wajabta wa kowane gidan abinci ya bayyana farashinsa a waje kafin mutum ya shiga. Ɗan finjalin gahawa, wanda kurɓa biyu ke ƙarar da shi, Yuro 4 ne. Cakulan mai zafi, wanda yara ba sa barin iyayensu su huta sai an saya musu, Yuro 6 ne. Farantin soyayyen dankalin turawa zalla ya kusa Yuro 10, taliya da miyar tumatir ta haura Yuro 20, ƙaramar robar ruwa mai rabin lita kuma Yuro 5. Mutanenmu na Nijar sun san cewa canjin Yuro da Sefa a ƙayyade yake, Yuro ɗaya Sefa 655 ne da 'yan kai, saboda haka wannan robar ruwa da nake nuna muku ta tasam ma jaka uku da 'yan ɗaruruwa. Magidancin da ya hau nan da matarsa da 'ya'ya biyu, idan kowa ya ci faranti ɗaya ya sha abu ɗaya, Yuro 100 ba za ta sallame shi ba, kuma wannan bayan ya riga ya biya sama da Yuro 60 na tikitin hawa na yini ɗaya a kan kowane babba.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma adalci ne in faɗi dalilan masu gidajen abincin kafin in faɗi inda na saɓa da su. Babu titin mota da ke isowa nan a lokacin hunturu, domin hanyar da ake bi da bazara tana binne a ƙarƙashin ƙanƙara, ita ce ma ta zama filin zamiyar. Duk abin da aka dafa a wannan kicin, daga buhun dankali zuwa tukunyar gas, sai an loda shi da sassafe a cikin motar igiya, wato akwatin nan da ke lilo a kan igiyar ƙarfe yana hawa da mutane, ko kuma a ɗora shi a kan motar da ke daddale ƙanƙara da dare. Da idona na ga ma'aikata suna tura akwatunan lemo da kwalayen burodi cikin motar igiya tun rana ba ta leƙo kan duwatsu ba, hannuwansu sun yi jajir saboda sanyi, sannan da yamma su sauko da shara da kwalaben da aka shanye ta wannan hanya. Masaukan mahaya dutse da ke can ƙololuwa, irin su Cosmiques da ke kan mita 3,613, jirgi mai saukar ungulu ne ke kai musu kaya. Hatta girkin kansa ya fi cin wuta a sama, saboda a tsayin mita 2,000 ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 93, wato bai kai zafin da yake yi a ƙasa ba, don haka abinci yakan daɗe bai nuna ba.

Dalili na biyu shi ne gajartar kakar. Daga Disamba zuwa Afrilu ne kasuwar take ci, kuma a cikin waɗannan watanni ma ribar gaske tana taruwa ne a hutun ƙarshen shekara da hutun makarantu na Fabrairu, wanda gwamnatin Faransa ta raba wa yankuna uku domin kada iyalai su cika tsaunukan a mako ɗaya. Gidan abincin da ke saman dutse abincin rana kawai yake sayarwa, domin kafin faɗuwar rana an tsayar da motocin igiya kowa ya sauka, kuma duk ranar da iska ta yi ƙarfi aka rufe hawa, to miyar da aka dafa da naman da aka narkar sun zama asara, albashi kuma yana nan sai an biya.

Batun ma'aikatan ne ya fi taɓa mini zuciya. Mafi yawansu 'yan ci-rani ne na kaka ɗaya, matasa daga wasu sassan Faransa da ƙasashen Turai da Afirka, waɗanda ke zuwa da farkon hunturu su watse idan ƙanƙara ta narke. Mazaunan Chamonix na dindindin ba su kai dubu goma ba, amma fiye da rabin gidajen garin na masu hali ne da ke zaune a wasu wurare, waɗanda ke zuwa hutu na 'yan makonni su kulle, ko su ba masu yawon buɗe ido haya ta 'yan kwanaki a kan farashin da ma'aikacin kicin ba zai taɓa iya biya ba. Wata matashiya da ta share teburin da na zauna ta shaida mini cewa a can ƙasan kwari take kwana tare da wasu abokan aikinta a ɗaki ɗaya, kullum sai ta kama jirgin ƙasa da asuba sannan ta hau motar igiya, kuma da ba don gidan yana ciyar da su ba, da ba za ta iya sayen farantin da take ɗaukowa tana ajiyewa a gaban baƙi ba. Mai gidan abincin da yake son ya samu ma'aikata dole ya kama musu ɗaki da kuɗinsa, kuma wannan haya tana cikin farashin taliyar da na nuna muku. Matsalar ta kai ga cewa a shekarar 2025 hukumar garin ta ɗauki matakin taƙaita gina sababbin gidajen hutu domin mazauna da ma'aikata su samu wurin zama.

Duk wannan na yarda da shi, amma bai bayyana dukan farashin ba. Tsakiyar garin Chamonix ba a saman dutse take ba, babban titi ne ya ratsa kwarin, kuma tun shekarar 1965 da aka buɗe hanyar da ta huda ƙarƙashin Mont Blanc zuwa Italiya, mai tsawon kilomita 11 da 'yan kai, manyan motocin kaya suke wucewa ta nan dare da rana. Duk da haka, abin da ka saya a kantin cikin gari ya fi na Sallanches tsada, garin da bai wuce tafiyar rabin awa a mota ba. A saman dutse kuwa abin da ke ɗaga farashi fiye da komai shi ne rashin zaɓi. Mutum ya yi awa uku yana zamiya cikin sanyi, yunwa ta kama shi, yaransa suna rawar ɗari, takalman zamiya masu nauyi suna ƙafarsa, gidan abincin da ke kusa ɗaya ne ko biyu, saukowa gari kuma zai cinye masa awa guda daga yinin da ya saya da tsada. Mai sayarwa ya san wannan sarai, kamar yadda mai abincin tashar mota ya san fasinjan da direbansa ke danna ham ba zai tsaya ciniki ba. Sannan a kan kusan kowane tebur na waje akwai sanarwar cewa an hana cin guzuri a nan, wato kujerar da rana ke haskawa ta wanda ya saya ce kaɗai.

A kan abinci zan iya yin haƙuri, amma a kan ruwa ba zan yi shiru ba. A irin wannan tsayi iska busasshiya ce, jiki yana zubar da ruwa ta numfashi da gumi a ƙarƙashin manyan riguna, sanyi kuma yana ɓoye ƙishirwa har sai ciwon kai da jiri sun bayyana, mai jiri a kan gangaren ƙanƙara kuwa haɗari ne ga kansa da ga wanda ke gabansa. Abin da baƙi da yawa ba su sani ba shi ne, tun shekarar 1967 dokar Faransa ta sanya burodi da tulun ruwan famfo a cikin farashin abincin da ka saya, kuma daga farkon 2022 an wajabta wa gidajen abinci su sanar a fili cewa ana iya neman ruwan sha kyauta. Da na zauna ɗazu, ba a tambaye ni komai ba sai ko ruwa mai gas nake so ko marar gas, dukansu na kwalba ne na saye. Sai na ce, “Madam, don Allah tulun ruwan famfo nake so,” nan take aka kawo shi ba tare da gardama ba. Teburin da ke kusa da ni wasu baƙi ne da ba sa jin Faransanci, kwalabe uku aka jera musu. Gaskiya ne akwai wurare a can sama da ruwan famfonsu bai dace da sha ba, waɗannan suna da uzuri, amma inda ruwan yake da kyau, ɓoye wa baƙo haƙƙinsa saboda bai san harshe ba rashin kyautawa ne, ko da doka ba ta kama kowa ba.

Ga Musulmi kuma akwai ƙarin nauyi. Abincin gargajiya na yankin Savoie, wanda shi ne ya fi cika ciki daidai da kuɗinsa, kusan duka akwai abin da ya haramta mana a ciki. Tartiflette dankali ne da cuku da albasa da gutsattsarin naman alade. Fondue cuku ne da ake narkarwa da farar giyar inabi. Raclette cuku ne da dankali, amma da busasshen naman alade ake kawo shi, abin ɗumama jiki da kowa ke riƙe da shi a waje kuma giyar inabi ce da aka dafa da kayan ƙamshi. Idan ka cire waɗannan, abin da ya rage maka shi ne wainar ƙwai, ko taliya, ko miyar ganye, ko soyayyen dankali, ka biya kuɗin babban abinci ka tashi ba ka ƙoshi ba. Ko miyar ganyen ma sai ka tambaya, domin wani lokaci da romon nama ake haɗa ta, kuma idan ka ce a cire naman alade daga faranti, ba a rage maka ko sisi.

Saboda haka ga abin da ke cikin jakata, bari in buɗe muku. Wannan burodi ne da na saya a gidan burodi na cikin gari da safe, na cusa masa kifin gwangwani da cuku, ga dafaffen ƙwai, ga dabino da gyaɗa, ga fulas ɗin shayi mai citta da kanumfari. Duk abin nan bai kai kuɗin farantin dankalin da ke kan allon can ba, kuma ya riƙe ni har yamma. Wanda ya zo da mota ya tsaya a manyan kantunan ƙasan kwari ya yi sayayyar mako kafin ya hau, wanda zai kama masauki kuma ya nemi mai kicin. Robar ruwa a sa ta a cikin riga kusa da jiki, domin a aljihun waje daskarewa take yi. Wanda yake son ya ci a gidan abinci ya duba abincin ranar da ake rubutawa da alli, yawanci shi ne mafi sauƙi, kuma ya sani cewa ladan hidima yana cikin farashi a Faransa, abin da ya bari a kan tebur kyautatawa ce daga gare shi. A tambayi ma'aikatan tashar hawa inda ɗakin masu guzuri yake, wanda Faransawa ke kira salle hors-sac, ɗaki ne mai ɗumi da tebura inda babu mai korar ka don ka buɗe jakarka.

Na shiga irin wannan ɗaki da rana, kuma a nan ne na ga waɗanda tsadar take shafa da gaske: ɗalibai, da malaman makaranta da suka kawo yara, da iyalan kwarin da aka haifa a gindin waɗannan duwatsu, kowa da burodinsa a nannaɗe cikin takarda, wasu a tsaye saboda kujeru sun ƙare. A watan Fabrairun 2024 kotun da ke binciken kuɗaɗen gwamnatin Faransa ta fitar da rahoto cewa tsarin da wuraren zamiya suka dogara da shi yana fuskantar barazana saboda ɗumamar yanayi. Ƙanƙara tana raguwa a ƙananan tsaunuka, jama'a suna ƙara matsowa zuwa masu tsayi irin wannan, kuma inda masu saye suka yi yawa babu abin da zai sa farashi ya sauko da kansa. Ba na neman a tilasta wa mai gidan abinci ya sayar da taliyarsa a kan asara. Abin da nake gani ya wajaba a kan hukumomin garuruwan da ke ba da izinin gudanar da waɗannan wurare shi ne su sa sharaɗi cewa a kowace babbar tashar hawa a samar da famfon ruwan sha da ɗakin masu guzuri mai faɗi, a rubuta alamarsa da harsuna da yawa a inda kowa zai gani, kuma a haɗa kuɗin kula da shi a cikin tikitin da aka riga aka karɓa daga hannun kowa.