Neman ƙanƙarar gas a bututun ƙarƙashin teku

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da ƙarar iskar nan, a kan jirgin ruwa nake a Tekun Arewa, tsakanin Sikotland da Norwe. Wani bututun gas ne ya toshe can ƙasa, aka turo mu mu nemo inda toshewar take. Bari in juya kyamara ku ga allon nan.

Kun ga layin sama? Matsin gas ne ta wajen rijiya, sai hawa yake yi. Na ƙasan kuma matsin ƙarshen bututu ne, yana ta sauka. Idan haka ta faru a bututun da ke kwance cikin ruwan sanyi, haidiret, wato ƙanƙarar gas, ake fara zargi. Ruwa ne da gas, yawanci wanda ake kira mitan, suke daskarewa tare su zama farin dunƙule mai tauri. Ba sai sanyi ya kai sifili ba. A ƙasan teku mai zurfi ma'aunin zafi yawanci wajen digiri 4 ne, to idan matsi ya yi yawa, wannan ya isa. Tun 1934 wani injiniya mai suna Hammerschmidt ya nuna cewa ita ce ke toshe bututun gas a Amurka. A 2010 ma, lokacin malalar mai daga dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon a Tekun Meziko, babban murfin da aka saukar kan rijiyar don ya tara man, wannan ƙanƙarar ce ta cushe shi.

Sanin cewa bututu ya toshe ba wuya. Wuyar ita ce a ina, a bututun da tsawonsa ya kai kilomita goma-goma, ga ruwa mai zurfi a kansa.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta amsa-kuwwa. A buɗe bawul a rufe da sauri, girgizar matsi ta bi cikin gas, ta daki toshewar, ta dawo, kamar ka yi ihu a cikin rijiya. Sauti na gudun kusan mita 400 a daƙiƙa cikin irin wannan gas ɗin. Idan amsar ta dawo bayan daƙiƙa 10, ka raba tafiyar biyu, toshewar tana wajen kilomita 2 ke nan. Akwai kuma ta lissafin wuri: a tura gas gwargwadon da aka auna, a ga yadda matsi ya tashi, daga nan a san girman sararin da ya rage kafin toshewar. Sai dai ƙanƙarar tana da 'yan ƙofofi, gas kan tsiyaya ta cikinta ya ɓata lissafi.

Shi ya sa ake saukar da wannan, mutum-mutumin da kuke gani a bayana. Yana bin bututun daga waje da na'urar hasken gama, wani haske mai ratsa ƙarfe, yana auna nauyin abin da ke ciki. Gas daban, ruwa daban, ƙanƙara daban. Aiki ne mai cin lokaci da kuɗi, kuma in an binne bututun, to akwai aiki.

Wani zai ce me zai hana a sauke matsin kawai ta narke? Nan ne haɗarin yake. Idan ta gefe ɗaya aka sauke, dunƙulen kan saki jikin bututu, matsin da ke bayansa ya harba shi da mugun gudu, ya je ya fasa gwiwar bututu ko bawul. An yi asarar rayuka ta haka. Zafafa shi a tsakiya ma ba lafiya ba ne, domin dunƙulen ƙanƙarar yana sakin gas da ya kai kusan ninki 160 na girmansa, kuma ba inda zai bi. Sau da yawa ma toshewar ba ɗaya ba ce, da gas mai matsi a maƙale tsakaninsu. Don haka sai an san wuri da adadi, sannan a sauke matsin ta gefe biyu a hankali, a tura metanol, wani sinadari mai narkar da ita, ya taimaka. Narkewar kan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni.

To, ga shi an fara sassauta igiyar mutum-mutumin, dole in matsa daga nan.