Ba katafilar nan ce ta fitar da Ever Given ba

Kun san hoton nan na Ever Given, katon jirgin ruwan da ya maƙale a Mashigin Suwez na Masar. Wata 'yar katafila a gindin jirgi kamar tururuwa kusa da giwa, tana kwasar ƙasa cokali-cokali. Har yau akwai masu cewa ita ta kuɓutar da jirgin. Direbanta ya sha wahala, Allah ya saka masa, amma aikin ya fi ƙarfin katafila, kuma yanzu za ku ga dalili.

Ranar 23 ga Maris 2021, da safe, Ever Given ya shigo Mashigin Suwez daga Bahar Maliya zai nufi Rotterdam ta ƙasar Netherlands. Tsawonsa mita 400, ya ɗauko kwantena kusan 18,300. Guguwar yashi ta taso, kwantenonin da aka jibge suka tare iska kamar katanga, ga jirgin yana gudu fiye da ƙa'idar mashigin. Da ya matso gaɓa, ruwan da ke tsakani ya zuƙo bayansa, hancinsa ya karkata. Da misalin ƙarfe 7:40 hanci ya soke a gaɓar gabas, baya ya hau ta yamma, a wurin da hanya ɗaya ce tak. Shi ke nan, hanyar da kusan kashi 12 cikin 100 na kasuwancin duniya ke bi ta toshe.

To, a nan ne ake ruɗewa. Ku ƙaddara an yanka mashigin a tsaye. Siffarsa kamar akushi: tsakiya zurfin mita 24, gefe kuwa gangare ne mara zurfi. Abin da katafila ke iya kaiwa shi ne leɓen akushin kawai. Hancin jirgin yana da wani ƙullutu a ƙarƙashin ruwa, shi ne ya nutse cikin yashi da taɓo mai danƙo, inda hannun katafila ba ya isa.

Sai wani ya ce, me ya hana a ɗaura igiya a fizge shi da ƙarfi? Jirgin ya haura tan 200,000. Kai da gindi suna zaune a ƙasa, ciki yana lilo a kan ruwa. Idan aka matsa ba lissafi, zai iya tsagewa a tsakiya, daga nan kuma maganar watanni ake yi, ga mai ya malale. Sauke kwantena ma ba abu ne na kwana biyu ba, domin babu ƙugiyar ɗaga kaya mai wannan tsayin a bakin gaɓar.

Don haka aka bi ta ƙasa. Jiragen yashe, babbansu Mashhour, suka shiga aiki. Wannan yana da kai mai haƙora da ke juyawa yana farfasa taɓo, famfo na zuƙe shi yana tofarwa can gefe, kubik mita 2,000 a awa ɗaya. Jimilla an kwashe kusan kubik mita 30,000, har zurfin mita 18. Idan da tifa mai cin kubik mita 10 ne, sawu 3,000 ke nan. An kuma zubar da kusan tan 9,000 na ruwan da jirgin ke ajiyewa a cikinsa don daidaita nauyi.

Duk da haka bai fita ba, sai da wata ya cika. Ranar 28 ga Maris, tsakiyar Sha'aban, rana da duniya da wata suka jeru a layi ɗaya. Idan haka ta faru, jan da suke wa teku yana haɗuwa, cikar ruwa ta fi ta sauran ranaku. Ƙarin bai kai rabin mita ba. Ku lissafa shi a ƙarƙashin jirgi mai tsawon mita 400 da faɗin mita 59: dubban tan ne ruwa ya ɗauke wa yashi. A ganina wannan ne ya fi cancantar a yi ta yaɗawa, domin masu aikin sun tsara yasarsu ne ta yadda za ta kammala daidai da wannan cikar. Da sun makara da 'yan kwanaki, ruwan zai fara ja baya.

Da asubar 29 ga Maris baya ya saki. Hanci ya ƙi. Jiragen ja 13, har da manya biyu na teku, Alp Guard da Carlo Magno, suka jira cikar ruwa ta gaba. Ƙarfe 3:05 na rana ya taso. Jiragen ja suka yi ta busa ƙaho.

Jirage 422 ne suka yi cirko-cirko, ba a gama wuce da su ba sai 3 ga Afrilu. Shi kuwa Ever Given, Masar ta tsare shi a Babban Tafkin Bitter da ke kan mashigin tana neman diyyar dala miliyan 916, daga baya aka sasanta, ya kama hanya ranar 7 ga Yuli.