Ranar Komawa Wurin Likitan Zuciya a Legas

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Daga Agege nake muku magana, a nan cikin Legas. Yau ba kasuwa za mu shiga ba, maganar asibiti ce. Duk mai tsoho ko tsohuwa a gida, ko wanda matarsa ta haihu kumburin ƙafa ya ƙi sacewa, don Allah ya daure ya kalli bidiyon nan har ƙarshe.

Baffana, ƙanin mahaifina, albasa yake sayarwa a kasuwar Mile 12. Likitoci sun tabbatar masa da ciwon gazawar zuciya, gobe kuma ranar komawarsa ce, ni zan raka shi. Ya amince in nuna hannunsa da ledar maganinsa, fuska kuwa ya ce a'a, don haka ba za ku gan ta ba.

Mutane da yawa in sun ji an ce zuciya ta gaza sai hankalinsu ya tashi, su ɗauka ta kusa tsayawa. Ba haka ba ne. Tana bugawa, ƙarfin tura jinin ne ya ragu, kamar injin ban ruwa a fadama da yake ta kuka amma ruwan da yake turawa bai kai ƙarshen gona ba. Sai ruwa ya riƙa taruwa a huhu da ƙafafu da ciki. Daga nan ne haki yake zuwa, da kumburi, da tarin dare, da kasa kwanciya rigingine. A ƙasar nan babban abin da ke jawo shi hawan jini ne da aka daɗe ba a kula da shi ba. Da magani ana yin shekaru ana harkoki, amma maganin sai an riƙa gyara shi, a ƙara wannan a rage wancan, kuma likita da abin da ya ji daga bakinku yake gyarawa. Za ku wuni a layi, ganawar kuwa 'yan mintuna ce. Shi ya sa aikin daga daren jajibere yake farawa.

Ga ledar nan na zazzage ta a kan tabarma. Wannan ƙaramar farar ƙwayar ita ce furosemide, wadda aka fi sani da Lasix, Baffa yana ce mata mai sa fitsari. Ita ke fitar da ruwan da ya taru. Wannan lisinopril, wannan carvedilol, wannan kuma spironolactone. Waɗannan ukun ba lallai mutum ya ji aikinsu a jikinsa nan take ba, amma su ne masu kare zuciyar da tsawaita kwana da izinin Allah. To ku dubi wannan katin da aka ɓalle rabinsa. Diclofenac ne, a kemis ya saya saboda ciwon gwiwa. Shi da ibuprofen suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, suna kuma wahalar da ƙoda, wato suna warware aikin da mai sa fitsarin take yi. Ga kuma gorar jiƙo da wani abokin kasuwarsa ya kawo masa. Da su duka za mu tafi. Kada ku tsince na asibiti ku bar sauran a gida don gudun faɗan likita. Kuma kwalin kansa za ku kai, don in kuka ce "wata 'yar fara ce ƙarama", fararen ƙwayoyi ƙanana sun fi a ƙirga.

Sai wannan littafin makaranta. Kowace safiya, bayan ya yi fitsari, kafin ya karya, Baffa yana hawa sikeli da kaya marasa nauyi a rubuta. Ruwa yana fara nunawa a sikeli tun kafin ya nuna a ƙafa. Ƙa'idar da likitocin zuciya ke bayarwa ita ce, in nauyi ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3, a neme su, kada a jira ranar da aka rubuta a kati. A gefen lambobin muna rubuta abin da ido ya gani. Filo nawa ya jera ya kwanta? Da can ɗaya ne, makon nan uku, wani daren ma a zaune ya kwana jingine da bango. Daga rumfa zuwa masallaci a ina yake tsayawa ya huta? Takalminsa na shiga? Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ko ya naɗi murya a waya. Tambayoyinmu ma mun rubuta su, mun sa mafi muhimmanci a sama, don in lokaci ya ƙure ba ita za a bari ba.

To, gari ya waye, mun yi asuba mun fito, kun ga yadda cunkoso ya riga ya fara. A cikin motar nan Baffa ya faɗa mini abin da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Na ce, "Baffa, ka sha maganin safe?" Ya ce, "Na sha, ban da mai sa fitsarin. Ɗana, a wannan hanyar ina zan sauka?" Da na bi shi a hankali sai ya ce ranakun da mota ta sauke kaya ma ba ya shan ta, saboda banɗakin kasuwa da nisa, kuɗi ake biya, ga alwala ba ta zama. Wallahi ban ga laifinsa ba. Amma in likita ba ta ji wannan ba, za ta ga ƙafa a kumbure ta ɗauka maganin ya yi kaɗan ta ƙara masa, alhali sha ne ba a yi. Na roƙe shi ya faɗa da bakinsa, ya ce to.

Cikin asibiti ban ɗauki hoto ba, marasa lafiya suna da haƙƙin a rufa musu asiri. Yanzu mun fito, muna zaune a inuwa, bari in ba ku labari.

Muna shiga likita ta gaishe shi ta tambayi jiki. Mutumin da ya kwana a zaune ya ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi." Haka aka tarbiyyantar da mu, dattijo ba ya raki, ba ya kai ƙarar ciwo, ga kunya, ga ganin girman likita. Ni ma haka zan amsa in aka gaishe ni a hanya. Amma ɗakin likita ba zaure ba ne. Gode wa Allah ba ya hana ka faɗi inda ke maka ciwo, neman magani ma ai umarni ne. Na sanar da ita godiyarsa, sannan na juya na ce, "Baffa, gaya mata daren shekaranjiya." Ya ɗan yi shiru, sai ya fara. Da ya fara kuwa har maganar banɗakin kasuwa ya kawo da kansa. Ba ta yi faɗa ba. Ta tambayi lokacin da yake tashi daga rumfa, suka daidaita lokacin shan da zai iya riƙewa. Diclofenac ta ce a ajiye shi, ta rubuta wani. Jiƙon kuma ta ce tunda ba a san abin da ke ciki ba, ƙodarsa ba ta da rarar da za a yi gwaji da ita.

Maganar tafinta ita ce na fi so ku riƙe, mu mazauna Kudu. Yawancin likitocin nan Turanci ne ko Yarbanci ko burokin, iyayenmu kuwa burokin ɗinsu na ciniki ne, bai kai na bayanin huhu da ƙoda ba. Sai ɗan rakiya ya karɓe zancen, shi da likita su yi ta magana, mai ciwon yana kallon silin kamar ba jikinsa ake tattaunawa ba. Wannan ba taimako ba ne. A zaunar da shi yana fuskantar likita, kai ka koma gefe. Abin da ya faɗa ka isar yadda yake, kada ka gyara don ya yi daɗin ji. Abin da likita ta faɗa ka mayar masa duka, har wanda kake ganin zai ɗaga masa hankali, don jikinsa ne. Akwai kuma abin da uba ba zai faɗa gaban ɗansa ba, akwai wanda mace ba za ta faɗa gaban surukarta ko ƙanin mijinta ba. In ka ga bakin ya yi nauyi, ka tambaya ko akwai ma'aikaci mai jin Hausa, ka ba su wuri. A asibitocin da ke kusa da unguwannin Hausawa, kamar LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, ba abin mamaki ba ne a samu. Kuma neman a yi maka bayani ba roƙon alfarma ba ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce a sanar da majinyaci halin da yake ciki, kuma inda zai yiwu a yi masa da harshen da yake fahimta.

Na tambaye ta sakamakon hoton zuciyar da aka yi masa, wanda ake shafa man nan mai sanyi a ƙirji a ɗora na'ura. Akwai lamba a ciki da ke nuna kashi nawa cikin ɗari na jinin da ke ɗakin zuciya take turawa a kowane bugu. Mai lafiya yana tsakanin 50 da 70, in ta sauka 40 ko ƙasa ana cewa ƙarfin ya ragu. Ku san lambar mai ciwonku, don da ita ake zaɓen magani. Ta rubuta gwajin jini na ƙoda da sinadarin fotasiyam, wanda ake bibiya ga duk mai shan spironolactone da lisinopril. Tarin da yake yi ma ta tsaya a kansa, don lisinopril yana sa wasu busasshen tari, kuma akwai wanda ake canzawa da shi. Mutum nawa ne suka jefar da magani saboda tari ba su faɗa wa kowa ba?

Sai kuɗi. Nan ne mazajenmu suka fi yin gum. A karɓi takarda a ce an gode, a je kantin magani a ji farashi, a sayi biyu a bar biyu, kuma sau da yawa wanda aka bari shi ne mai kare zuciyar. Na ce mata kai tsaye, kasuwa ba kullum take ci ba, akwai irinsa mai rahusa? In kuɗi ya yanke wane ne ba a wasa da shi? Ta amsa ba tare da ta raina mu ba, ta kuma ja kunne cewa carvedilol ba a yanke shi farat ɗaya. Mazauna jihar nan ku kuma bincika inshorar lafiya ta Ilera Eko, ku tambayi abin da take ɗauka kafin ku yi rajista.

Gishiri ta ce a rage. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko mai lafiya kada ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan, har da wanda ke ɓoye cikin dunƙulen magi, da yajin tsire, da kilishi, da kanwa. To ga inda rayuwar Legas ta shigo. Iyalin Baffa suna gida Arewa, shi a wurin mai abinci yake ci, wa zai ce wa ta rage magi a tukunyar mutum hamsin? Mun faɗa mata haka. Shawarar da aka tsayar ita ce a rage miya, a bar barbaɗa yaji, na dare kuma daga gidana zai riƙa zuwa. Inda mai girki take kusa, ku shiga da ita ɗakin likita ta ji da kunnenta.

A layi akwai wata baiwar Allah da jariri a goye, tana magana tana haki, mijinta na tsaye can bakin ƙofa. Na so a ce ya shiga tare da ita. Akwai gazawar zuciya da ke kama mata a ƙarshen ciki ko cikin watannin farko bayan haihuwa, kuma Arewacin Najeriya na cikin wuraren da aka fi samunta a duniya. Likitoci a Zariya sun rubuta a kanta tun shekarun 1970. Mai jego in tana shan kunun kanwa ko tana wankan jego ta faɗa, don kanwa dangin gishiri ce. Maganar sake ɗaukar ciki kuma dole a yi ta a gaban likita, da mijin a zaune, saboda wani cikin yana iya dawo da ciwon da ƙarfi, magunguna irin su lisinopril kuma ba a shan su da juna biyu.

Kafin mu tashi na ce, "Likita, bari in maimaita ki ji ko na ɗauka daidai." Na karanto mata daga littafin, Baffa ma ya maimaita nasa da Hausa na isar. Na naɗi saƙon murya na tura wa matarsa da babban ɗansa ta WhatsApp, don kowa ya ji abu ɗaya. Ta kuma lissafa mana abin da ba a kwana da shi a gida: haki ko ana zaune ba a motsi, ciwon ƙirji, suma, ko tari mai kumfa da ja-ja a ciki. Wannan asibiti ne nan take, lambar gaggawa a Legas 112 ce ko 767.

Baffa yana son zuwa gida, tafiyar kwana ce a mota. Na roƙi a rubuta masa takarda mai sunan ciwon, da lambar hoton, da magungunansa, ya sa a aljihu, ko da jiki zai motsa a can ba sai an fara bincike daga farko ba. Tambayar azumi kuma na riga na rubuta ta a saman shafin zuwa na gaba, don tun kafin watan ya kama ya kamata likita ta duba ko zai iya, da yadda za a raba maganin tsakanin sahur da buɗa-baki. Yanzu za mu wuce ɗakin gwaji a ɗebi jinin kafin su tashi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, sai mun sake haɗuwa.