Namijin gwara da macenta: inda ake ta kuskure

Kun ga hoton nan da ke ta yawo a WhatsApp da Facebook, gwara biyu a jere, an rubuta "namiji" a ƙarƙashin ɗaya, "mace" a ƙarƙashin ɗayar? Hoton gaskiya ne. Amma mutane sun fita tsakar gida sun duba nasu, sun dawo suna cewa duk gwarar unguwarsu mata ne. To, bari mu warware.

Mu fara da ta hannun dama a hoton. Saman kai ruwan toka, ƙeya ja-ja ruwan goro, kumatu fari, ga farin layi a fiffike. Babbar alama ita ce baƙin nan da ya taso daga ƙarƙashin baki ya sauko har ƙirji, kamar gemu. Wannan namiji ne. Ta hagu kuwa ruwan ƙasa ce fayau, bayanta da zane-zane, ga wani layi mai haske da ya bi ta bayan ido. Babu gemu. Mace ke nan. Mai sauƙi, ko ba haka ba?

Yanzu ku tsaya, domin a nan ake ɓata. Kafin ka tambayi namiji ne ko mace, fara tambayar wace irin gwara ce a gabanka. Ta cikin hoton, masana suna kiranta Passer domesticus. Ita ce ta cika Turai da yawancin Asiya, tana nan a Masar da Sudan, kuma alhazai suna ganinta tana tsince-tsince a Saudiyya. Wajen 1851 aka kai ta birnin New York, daga nan ta mamaye Amurka. Shi ya sa yawancin hotunan intanet nata ne.

Wadda ta saba sauka a kan danga a Kano ko Katsina ko Maraɗi, tana jiran a sheƙa gero, galibi wata ce daban, Passer griseus, mai kai ruwan toka. Ga kamanninta. Kai toka gaba ɗaya, maƙogwaro fari-fari, baya da fukafukai ruwan goro, da ɗan farin ɗigo a kafaɗa. In kun ga biyu tare, ku tsaya. Ku kalle su da kyau, ba sauri nake yi ba. Kun ga bambanci? Babu. A wannan iri, namiji da mace kaya ɗaya suka saka, kuma babu mai gemu a cikinsu. Don haka wanda ya ce bai taɓa ganin namiji a gidansu ba, kullum yana ganinsa, alamar wata gwarar ya ɗora masa.

Launin baki ma ba zai fisshe ka ba a nan. Yakan yi baƙi ƙirin lokacin sheƙa da ƙwai, ya koɗe bayan haka, a jikin namiji da mace duka. Masu bincike kansu galibi sai sun kama tsuntsun sun ɗebi ɗigon jini an gwada a ɗakin bincike. Kai da ke zaune a kan tabarma, hanyarka ɗaya ce tabbatacciya: ka dace da lokacin barbara, na sama shi ne namijin. 

Ko a irin mai gemun ma akwai tarko biyu. Ɗan da bai daɗe da barin sheƙa ba, ko namiji ne, kamar uwarsa yake, sai dai gefen bakinsa da sauran rawaya kuma yana karkaɗa fukafukai yana roƙon abinci. Sannan shi kansa gemun ba kullum yake cika ba. Bayan namiji ya zubar da tsohon gashi, sabon yakan fito da toka-toka a bakin kowane sili, ta rufe baƙin. A hankali tokar ke gogewa, kafin lokacin neman mace baƙin ya fito sarai. Wato wanda ka gani da ɗan gemu yau, bayan 'yan watanni shi ne mai cika ƙirji.

In kana son gwarar yankinmu da za ka raba da kallo ɗaya, nufi arewa, wajen Tafkin Chadi da sahel ɗin Nijar. Can akwai Passer luteus, masu tashi garke-garke. Namijin rawaya ne shar, bayansa ruwan goro, macen kuma launin rairayi. A ganina duk dangin babu wanda ya kai wannan namijin kyau, ko da yake manomin gero ba zai yarda da ni ba.

Don haka in ka ɗauki hoto za ka turo mana, ka sa kai da maƙogwaro su fito, kuma ka faɗi garin da ka ɗauka.